Ja Ai Ja Ne

Ranar Litinin da hantsi Auta ta fasa gilashin jar fitilar Baba, kuma ba kowa a shagon sai ita da tsintsiya.

Baba mai hoto ne, cikin 'yan ƙalilan da suka rage suna wanke baƙi-da-fari da hannu. A bayan shagonsa akwai ɗan ɗaki marar taga, an toshe ƙasan ƙofarsa da tsohon bargo, shi ake kira ɗakin wanki. A ciki akwai injin da ke haska fim a kan takarda, da faranti uku na ruwan magani a jere, da igiyar shanya, da agogon bango mai dogon hannun daƙiƙa. Can sama dab da silin kuma wani ɗan akwatin ƙarfe ne, gabansa gilashi ja mai duhu, cikinsa ƙaramin ƙwan lantarki. Takardar hoto ba ta shiri da haske. Kowane iri ta gani sai ta sake launi, in ban da wanda ya ratso ta wannan gilashi. Baba kan ce a gaban wannan ja takarda makauniya ce. Maigidansa da ya koya masa aiki ne ya bar masa shi, ya girmi Auta, ya girmi ma auren Baba da Umma.

Ran nan Baba da Umma sun tafi asibiti. Yanar ido ce ta kama shi, na dama ya fi tsanani, an kuma sa ranar Alhamis za a yi masa aiki. Wata biyar ya yi yana jiran layi ya zo kansa. Da zai fita ya juyo daga bakin ƙofa. Sunan mahaifiyarsa Auta ta ci, don haka bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Uwata.

"Uwata, ki share mini yanar ɗakin nan, ni kuma bari in je a duba tawa."

Ta yi dariya don ta ga yana so a yi. Tana jin tafiyarsu ta yi nisa ta ɗauki doguwar tsintsiya a dama, littafi a hagu, don saura shafi biyu babi ya ƙare. Tana shara sama ido na ƙasa, sai ji ta yi ƙas! Kan sandar ya sami gilashin a tsakiya. Ya zubo gida biyar ko shida, ɗaya ya faɗa cikin farantin farko ya fantsama mata ruwa a tabarau.

Ta daɗe a tsaye. Da ma a gida an san ta, Umma kan ce hannun Auta ba ƙashi, in ka ba ta tulu ka tanadi tsumma. Amma kofi daban, wannan daban. Baba ba ya faɗa, da yana yi ma da ta fi samun sauƙi. Shiru yake yi, ya dube ka, ya ce ba komai, ka kwana uku abinci ba ya wuce maka.

Ta tsince gutsattsarin ta naɗe a tsohuwar jarida, ta cusa can ƙasan jakarta. Ta rufe shago. Akwai mai kayan wuta a layinsu, amma abokin hirar Baba ne, sai ta tsallaka titi biyu zuwa wani da bai san ta ba. Duk takun da ta yi jakar sai ta ce ƙil-ƙil, tana ganin kowa a titin ya ji.

Mai kayan wutar matashi ne mai fensir a kunne, yana zaune cikin wayoyi kamar gizo.

"Malam, don Allah jan ƙwai nake so."

"Na biki ko na shagon aski?"

"Na... ɗakin wankin hoto."

"Af! Har yanzu ana wanke hoto? Da wane sabulu?"

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya ciro guda uku ya jera. Ya ɗaura na farko a jikin allon gwaji, sai ga shi yana ƙyaftawa, ya kama ya ɗauke. Auta ta girgiza kai. Na biyu farin ƙwai ne aka shafa wa jan fenti, haskensa dishi-dishi, amma fentin ya ɗan kankare a wuya, wani siririn fari na leƙowa. Ko ita ta san wannan ba zai yi ba. Na uku na roba ne, santsi, ja jawur ba tabo ko ɗaya. Da aka kunna shi har haƙoran mai shagon suka yi ja.

Ta sa aka sake kunna na biyu. Ta sa aka koma na uku. Ta juya kwalinsa ta karanta duk abin da aka rubuta, har da ƙananan rubutun gefe, ba inda aka ambaci hoto.

"Takarda ba za ta gan shi ba ko?"

"Takarda ido gare ta? 'Yar malama, ja ai ja ne. Ki ɗauka ki ba na bayanki wuri."

Ba kowa a bayanta. Ta ɗauki na ukun. A hanya ta riƙa gaya wa kanta ai gara ma mai hasken, tunda kwanan nan Baba sai ya yi karo da tebur sau biyu kafin ya kai ga faranti. Har ta kusa yarda alheri ta je yi. Ta hau kujera ta kwance ƙaramin ƙwan, ta ɗaura sabon a cikin akwatin. Daga ƙasa, in ba ka ɗaga kai ka ƙura ido ba, ba ka cewa an taɓa komai. Baba kuwa ya fi shekara rabon da ya ga abin da ke saman ƙofa.

Bayan azahar suka dawo, Umma ta wuce gida, shi kuma ya shigo da wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa da aka ba shi ya riƙa sawa kafin Alhamis. Ya ɗiga, ya ɗaura gyalen aikinsa a ƙugu, ya shiga ɗakin wanki ya ja ƙofa. Auta tana bayan kantar shago riƙe da littafi, layi ɗaya ta karanta ya fi sau goma.

"Uwata! Uwata!"

Shi ke nan, ta ce a ranta. Ta tashi ta nufi ƙofar.

"Shigo ki rufe ƙofa. Tsaya nan. Dubi agogon can, kar ki ce komai, ni zan gaya miki." Ya nuna da yatsa. "Dogon hannu yana kan huɗu. Ga shi ya kai biyar. Ƙarya na yi?"

"Haka ne, Baba."

"To zo nan." Ya sunkuya kan injin, inda wani zobe yake da lambobi ƙanana. Shekara biyu da lalube yake juya shi, yana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa da kunne. "Takwas. Sha ɗaya. Sha shida. Uwata, ina gani! Ɗigo biyu kawai na sa, ɗigo biyu!"

Ya dafa kanta da hannun da ke warin magani. Cikin jan hasken ta ga fuskarsa ta koma kamar ta hotonsa na samartaka da ke rataye a falo. Ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, ta shirya ta tun a hanya, amma abin da ya fito shi ne, "Alhamdu lillahi, Baba."

Kafin la'asar layin duk ya ji. Ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa wanzamin da ke tsallaken titi, ya sa Auta ta kira masa Gwaggonta a waya ya gaya mata da bakinsa. Da suka koma gida aka zauna cin abinci, bai kai loma uku ba ya ce:

"Aikin nan na Alhamis, na fasa."

Umma ta ajiye cokali. "Malam, me ka ce?"

"Abin da kika ji. Mai ido ba ya kai idonsa gaban wuƙa."

"To madalla. Ga kalanda can a bango, karanta mana."

Ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya, ya sauke. "Wannan farar fitilar ce ke kashe mini ido. Likita da kansa ya ce mai yana ya fi gani a inuwa. Sauƙi daga duhu yake farawa, sannan ya fito waje."

"Yau kuma likita ka zama? Wata biyar ina bin ka da katin nan kamar mai talla. Tsoro ne dai, ka faɗi gaskiya, tun da aka sa rana ba ka barci."

"Ni? Tsoro? Tambayi Uwata, a gabanta aka yi. Gani ya kori ji. Uwata, na karanta lambobin ko ban karanta ba?"

Suka zuba mata ido su biyu.

"Ka karanta," in ji Auta, kanta a cikin kwano.

Umma ta dube ta. "Ke kuma me ya same ki kike juya abinci kamar mai neman ɗan kunne?"

"Ba komai. Kaina ke ciwo."

"Karatun nan ne. Wata rana sai littafi ya haɗiye ki."

Washegari ta je ɗauke hotunan jiya daga igiya, ta fito da su bakin ƙofa, ta duba. Ba wanda ya ƙone, ba wanda ya lalace ƙarara. Amma duk inda fari ya kamata ya kasance, toka-toka ne, kamar an shanya su a ɗakin girki. Hoton Baba kuwa da farinsa aka san shi.

Tana cikin juya su sai ga Tela, maƙwabcinsu na shagon dama, da tef ɗin awo a wuya. Shi da Baba sun fi shekara ashirin suna tsokanar juna. Wani tsohon fim na mahaifinsa marigayi ya kawo kwanakin baya a fitar masa da babba, zai rataya a kan kekensa.

"Mai Hoto, an ce ido ya buɗe! To yanzu sai ka ga munin fuskarka."

"Na riga na ga taka, Sarkin Ɓarnar Yadi, ba abin da zai ƙara ba ni tsoro. Uwata, ba shi kayansa."

Tela ya karɓa yana murmushi. Murmushin ya tsaya. Ya matsa wajen haske.

"Wannan kuma fa? Tsohona da farar riga ya tsaya ran nan. Ni na ɗinka ta, ita ce ɗinkina na farko da ya yarda ya sa. Ka mayar da ita ta mai sayar da gawayi."

Baba ya fizge hoton ya kai shi dab da hanci. "Fari tas. Kai ne zare ya gama cinye maka ido."

"Wallahi toka ce."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsani..."

"Wane yaro? Wata bakwai ka ba ni!"

Mutum biyu da suka zo ɗaukar hoton fasfo suna ta dariya. Baba ya juyo, muryarsa ta fara tauri. "To ga alƙali. Uwata, ke mai ido huɗu. Fari ne ko ba fari ba?"

Ta dubi rigar. Ta dubi Baba, yana jira, gira a ɗage.

"Fari ne."

Tela ya juyo gare ta. Ya dube ta kawai, irin kallon da yake yi wa yadin da aka ce masa yadi biyar ne alhali ya san huɗu ne. Ya sa hoton cikin ambulan a hankali, ya ce, "To, Allah ya ƙara lafiya," ya fita. Ranar bai leƙo shan shayi ba.

A kan kantar ɗakin wanki akwai wani tsohon littafin koyon aiki da bangonsa ya cire, shi ma na maigidan Baba ne. Da Baba ya fita sallar la'asar ta sauko da shi, ta bi shafi-shafi har ta sami inda ake maganar fitila. Ta karanta sau uku. Ashe ja ba ja ba ne. Akwai jan da ido ke gani zalla, alhali a cikinsa akwai ɓurɓushin wasu launuka da ido ba ya kamawa, takarda kuwa tana kamawa. Gilashin aikinsa ke nan, tace su. A ƙarshen shafin an faɗi yadda ake gwada fitila a gane ko mai amana ce. Ta rufe littafin ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofa. Rashin sani ya fi dare duhu, amma ita yanzu sanin ne ya fi damun ta.

Laraba da safe Baba ya ciro katin asibiti daga aljihu ya ajiye a kan kantar shago.

"Akwai lamba a baya. Kira su ki ce na gode, su ba wani layina. Akwai masu buƙata."

"Umma ta sani?"

"Umma za ta ji in an gama. Kira."

Ta ɗauki wayar. Ta danna lamba uku, yatsanta ya ƙi zuwa ta huɗu. In ta ƙarasa, sai wata biyar kuma, ko fiye, kuma likita ya ce na daman ba ya son jira. Ta ajiye wayar.

"Baba, ka ba ni takarda ɗaya."

"Takardar me?"

"Ta hoto. Guda ɗaya. Ka zo mu shiga ciki, ina so in... akwai abin da nake so in nuna maka. In mun fito sai in kira."

Ya dube ta da mamaki, don takarda ba abin wasa ba ce a shagon nan, daga nesa ake kawo ta. Amma yana cikin farin ciki, sai ya bi ta. Ta rataya jakarta, ta rufe ƙofa, ta tura bargon da ƙafa, ta kunna jar fitila. Ta zaro takarda daga baƙar ledarta ta shimfiɗa a tebur, ta ɗora makullin shago a tsakiya.

Baba ya yi dariya. "Iye! Wa ya koya miki wannan? Gwajin fitila ke nan. Maigidana ya yi mini shi ranar da na fara, da murfin kwalba. Ki bar abu a kan takarda minti biyar, ki wanke. In ta fito fara fat, fitila lafiya. In siffar abin ta fito, a jefar da fitila." Ya ɗaga hannu sama wajen akwatin ba tare da ya duba ba. "Wannan shekara arba'in ba ta taɓa cin amanata ba. Amma yi, ai haka ake koyo. Ni zan duba miki agogo."

Ya harɗe hannu ya fuskanci bango. "Minti ɗaya," in ji shi da alfahari. Ya shiga ba ta labarin yadda zai karɓi aikin makarantar nan da ya ƙi bara, da yadda zai koma karatun jarida da kansa ta huta. "Biyu. Kin ga ko ƙyaftawa ba na yi." Auta ta riƙe gefen tebur. Sau biyu tana cewa "Baba," yana cewa "Na'am," tana cewa ba komai.

"Biyar cif. Ɗauke."

Ta ɗauke makullin, ta zura takardar cikin farantin farko, tana girgiza shi a hankali yadda ya koya mata. Da fari ba komai. Can sai gefuna suka fara dushewa, tokar ta bazu ta rufe ko'ina, ta bar wuri ɗaya. Makulli ne sak, fari sol, da zobensa da haƙoransa uku. Ta tsoma a na biyu, ta tsoma a na uku, ta jira, sannan ta kunna farar fitila.

Baba ya ɗauko ta da hantsaki tana ɗiga, ya kai kusa da fuska, ya juya ta.

"To kin gani? Fara tas. Na gaya miki."

Nan ne hawayen ya zo mata. Ta yi zaton takardar za ta yi maganar a madadinta, ashe ba zai gani ba. Ta kama hannunsa, ta kama yatsansa manuni, ta ɗora a kan jiƙaƙƙiyar takardar.

"Nan zoben ne, Baba. Nan jikinsa. Nan haƙora, ɗaya, biyu, uku. Shi kaɗai ne fari. Sauran duk toka ce. Rigar baban Tela ma toka ce, ƙarya na yi."

Ta zazzage jakar a kan tebur, jaridar ta warware, gutsattsarin suka zube.

"Ranar Litinin ne. Da tsintsiya. Karatu nake yi ban duba ba. Na je na sayo jan ƙwai na sa a ciki, mai shagon ya ce ja ai ja ne. Ya fi na da haske, shi ya sa ka... ba maganin ba ne, Baba. Ƙwan ne."

Ya laluba ya ɗauki gutsure ɗaya, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Ya ɗaga kai wajen akwatin, ya daɗe yana kallo.

"Kashe jar. Kashe farar ma."

Ta kashe. Duhu ya rufe su, ba ta jin komai sai tafiyar agogo da ɗigar ruwa daga takardar.

"Gilashi gilashi ne," in ji shi can. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ko a hannuna zai iya fashewa. Da kin gaya mini ran nan, da mun rufe ɗakin mun aika a nemo wani, ko wata nawa zai ɗauka. Amma kika tsaya kina kallo na kira Gwaggonki. Na ƙaryata Tela a gaban baƙi, a kan rigar ubansa."

"Na ga kana murna ne."

"Na yi murna kam."

Ta jira ya ƙara wani abu, ko ya ce ba komai. Bai ce ba. Ta ji yana laluben ƙofa, ya yi karo da tebur, ya sami mariƙin, haske ya shigo. Ya wuce ta cikin shago, ya wuce katin da wayar a kan kanta bai taɓa su ba, ya fita ya zauna a bencin waje, hannuwa a kan gwiwa.

Auta ta hau kujera ta kwance ƙwan. Da sauran zafinsa, amma ba ta sake shi ba. Ta fito ta tsaya bayan kanta, ba ta san ko ta kira asibitin ba ko kar ta kira, ba ta kuma da bakin tambaya.

Daga tsallaken titi wanzami ya ɗago aska ya ƙwalla murya.

"Mai Hoto! Ya ido? An ce har allura kana zura wa zare!"

Wata mota ta wuce, wata ta bi ta. Sannan, ba tare da ya juyo ba, Baba ya ce:

"Ke. Ƙarfe nawa suka rubuta a katin?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta duba.

"Bakwai da rabi na safe."

"Ka ji," in ji Baba ga wanzamin. "Jibi in an kwance bandeji ka sake tambaya."